Taku Goma Sha Huɗu da Matakala Uku

Shekara goma sha ɗaya ke nan ina yin ƙananan kujeru a shagon Oga. Ba na yin gado, ba na yin ƙofa, sai dai in aiki ya yi wa sauran yawa. Nawa su ne kujerun 'yan nasare, masu tsayin inci goma sha biyu daga ƙasa, da teburan da ake goge wa kusurwa don kada yaro ya fasa goshi. In na gama, Mai Fenti ya shafa musu ja da shuɗi da rawaya, a loda a mota a kai makarantu. Tun da 'yata Tsinke ta fara tafiya, da ita nake gwaji. Nakan taho da kujera ɗaya gida in ɗora ta a kai, in ga ko tafin ƙafarta ya taɓa ƙasa. Yanzu shekararta huɗu da wata biyar. Ta zauna a kan kujerun makarantu sun fi ashirin, ba ta taɓa shiga ƙofar ko ɗaya ba.

A ganinmu ba sakaci ba ne. Maman Tsinke tana fita tun kafin shida zuwa gidan burodin da take aikin ɗaure leda, ba ta dawowa sai bayan uku. Ni ina fita bakwai. Gidan haya ne, ƙofofi takwas suna kallon tsakar gida ɗaya, kuma kafin takwas kowa ya sa kwaɗo ya tafi nema. Mu kaɗai ne ba ma kullewa, domin muna da Inna. Tun rasuwar mahaifina ta dawo wurinmu, muka ba ta ɗakin ciki ita da jikarta, mu muka koma falo. Maƙwabta har cewa suke mun ji daɗi, muna da mai raino ta jini. Inna ba ta kiran yarinyar da suna, sai ƙawata. Tare suke ci, tare suke faɗa a kan bargo.

Maman Tsinke ce ta tayar da maganar nasare. Wata abokiyar aikinta ta kai ɗanta firamare, aka miƙa masa fensir ya dunƙule shi kamar cokali, aka ce ya ja layi ya fashe da kuka, aka ce ta koma da shi sai baɗi. Tun ranar maganar ta shiga kaina ta ƙi fita. Na tambayi Mai Fenti, ya ce nasare ba komai ba ce sai waƙa da biskit da barci, in dai wannan ne shi ma a nemo masa gurbi. Oga ya ce ya rufa mana asiri ya rage murya, da waƙar da biskit ɗin muke ci. Inna kuwa ko juyowa ba ta yi ba.

"Kai wace nasare ka yi? Ga ka nan da gemunka."

Amsar ba ta da daɗi. Sai da na shekara tara aka sa ni makaranta. A bencin baya aka ajiye ni, gwiwata tana dukan tebur, yara suna kirana Baban Aji. Sun san baƙaƙe tun kafin in zo, ni kuwa ina kallon allo kamar an watsa masa tururuwa. Ban taɓa kamo su ba, har na gaji na bari a aji biyu na sakandare. Har yau in an miƙo min fom a ofis, sai tafin hannuna ya jiƙe kafin in kama biro. Ba na so Tsinke ta san wannan gumin.

Na fara da makarantun da nake kai wa kaya. Wata mai makaranta da ta san ni ta ce za ta rage min, ta rubuta a takarda ta turo min ta kan tebur. Kuɗin zango ta rage. Yunifom kala biyu, littattafai, motar ɗaukar yara da wani abu wai shi kuɗin wasanni suna nan yadda suke. Na ninke takardar na yi godiya, na fita ina ratsawa ta tsakanin kujeruna. Daga nan na je wurin wata mata a bayan layinmu da ke tara yara a falonta. Na tarar da su sun kai talatin a kan tabarma, talabijin tana ta ihu, ita tana yankan farce, wani ya yi barci da kansa cikin kwandon takalma. Nata da sauƙi, amma da ciwon kai na fito.

Direban da ke kai mana kaya ne ya gaya min makarantar gwamnati ta bakin kasuwa ta buɗe ajin share fage, kyauta, daga takwas zuwa sha ɗaya da rabi, yara arba'in kawai. Ranar Talata na roƙi Oga awa biyu, na saɓa Tsinke a kafaɗa. Inna tana zaune a bakin gado tana faɗa, wai ina zan kai mata yarinya da sassafe, mu yi maza mu dawo.

Malamar ajin doguwa ce mai tabarau. Ta zube murafan kwalba a tebur, Tsinke ta ware su kala-kala tun kafin a ce mata komai. Aka ce ta yi ƙirga, ta kai goma sha huɗu ta tsaya cak. Aka ce ta nuna hagu, sai ta tambayi malamar, hagunta ko na malamar? Malamar ta sauke tabarau ta dube ni, ta tambayi wace makaranta yarinyar ta yi a baya. Na ce babu, kakarta ce ke rainonta. Ta ce in gai da kakar, ta yi abin da wasu masu takarda ba su yi ba. Gurbi biyu ya rage. In cika fom in kawo shi da takardar haihuwa kafin sha biyun ranar Juma'a, in ba haka ba akwai iyaye sittin a bayana.

Na dawo gida ƙafata ba ta taɓa ƙasa. Na isar wa Inna gaisuwar, amma ba ta yi mata daɗi ba. Ta ce tun da malamar da bakinta ta ce yarinya ta iya, me kuma za a je nema? Ta ce za a koya mata tsiwa, za ta kwaso ƙwarƙwata da tari. Da Maman Tsinke ta sa baki a hankali, sai Inna ta juya fuska bango, ta ce in an gaji da ita a faɗa mata kai tsaye. Wannan ba halinta ba ne. Ita ma Tsinke, da uwarta ta nuna mata sabuwar jaka, ta shafa ta ce tana da kyau, amma ba za ta je ba, Kaka ba za ta iya ba. Na ce iya me? Ta dubi ƙofar ɗakin ciki ta sa yatsa a baki. Na ɗauka kewa ce irin ta tsohuwa da jika. Maman Tsinke ta ce kwana uku za su saba.

Yamma biyu na yi a kan fom ɗin, da fensir tukuna, sannan na bi da biro. Ranar Juma'a na fita da shi a aljihu, da niyyar in kai daga shago. Sai ƙarfe goma na tuna takardar haihuwar tana cikin gwangwani a ƙarƙashin gado. Na ari keken Mai Fenti, ya ce in na fasa masa taya in dawo masa da babur.

Ban taɓa shiga gidan nan da ƙarfe goma na ranar aiki ba. Ƙofofi bakwai da kwaɗo, har ta maƙwabcinmu Tela, wanki yana lilo a igiya, famfo yana ɗiga. Na jingina keken a bakin ƙofar gida, sai na ji muryar Tsinke tana ƙirga.

Sun fito daga ɗakinmu. Tsinke a gaba, Inna a baya, tafin hannunta a kan yarinyar kamar yadda ake dafa sanda.

"Tara. Goma. Akwai bokitin matar Tela a hagunki, matso dama. Sha ɗaya."

Ina tsaye a fili, cikin rana, tsakanina da su bai fi taku biyar ba. Inna ta wuce fuskarta tana wajena, idonta a buɗe. Ba ta gan ni ba. Tsinke ce ta gan ni, ta zaro ido, ƙirgan ya sarƙe mata. Na sa yatsa a baki. Har yau ban san dalilin da ya sa na yi haka ba. Ta ci gaba. A sha huɗu ta ce matakala, ɗaya, biyu, uku. Ta damƙa wa Inna buta, ta ja mata ƙofar banɗaki, ta zauna a matakala ta yi tagumi kamar mai gadi da ya saba da aikinsa.

Da suka koma ɗaki na bi su a hankali na tsaya a bakin labule. Tsinke ta hau kujerar gwajina ta sauko da ledar magani daga kan taga. Ta ce fari an sha da safe, yanzu ja ne. Ta ɓallo ƙwaya ta sa a tafin Inna, ta riƙe mata kofi. Daga nan Inna ta durƙusa gaban risho don ɗumama abinci, tana lalube. Ta ƙyasta ashana. Fuskar 'yata tana dab da lagwani, gashinta a gaba.

"Bai kama ba. Ƙasa kaɗan. Ya kama."

Na ce, "Inna."

Kwalin ashanar ya faɗi. Tsinke ta fashe da kuka tana cewa ba ita ta faɗa ba, wallahi ba ita ba ce. Inna ta lalubo ta ta rungume, ta ce ta sani, ƙawarta ba ta tona asiri. Na kashe rishon. Na zauna a ƙasa.

Tun bara ne, in ji ta. Da farko kamar hayaƙi, daga baya kamar an rufa mata farin mayafi. Yanzu haske da inuwa kawai take bambancewa. Da yamma ba wuya, tana zaune a wurinta, suruka ta kawo abinci, kowa a gajiye. Takunmu take ganewa. Na tuna ta daina ɗinki ta ce ƙiwuya ce, ta daina fita ta ce gwiwa ce, duk dare Tsinke ke raka ta banɗaki muna cewa soyayya ce. Ni da ke gane karkatar rabin inci a ƙafar kujera daga ƙofar shago, na zauna da uwata shekara guda ban ga ba ta ganina ba.

Na tambaye ta me ya sa ta ɓoye. Ta daɗe tana shafa kan yarinyar.

"Ni aka bar wa yarinya. In kuka san ba ni ke riƙe da ita ba, me nake yi a gidan nan?"

Agogon wayata ya nuna sha ɗaya saura. Na jawo gwangwanin na ɗauki takardar. Na tsaya da ita a hannu tsakanin ƙofa da gado. In na kai, Inna za ta zauna ita kaɗai a gidan da babu kowa, awa huɗu kullum. In ban kai ba, na san abin da 'yata za ta wuni tana yi, gobe da jibi har baɗi, da ashana da ƙwayar magani. Inna ta ji motsin takardar. Ba ta ce kai ba, ba ta ce bari ba. Na kwashe ashanar na sa a aljihu na fita.

A makaranta na tambayi malamar ko za a iya ajiye mana gurbin zuwa zango mai zuwa. Ta ce ba a ajiyewa. Na tambaya ko tsohuwa za ta iya zama a barandar ajin, ba ta da surutu, zan kawo mata kujera. Ta dube ni ta saman tabarau, ba ta yi dariya ba, Allah ya saka mata. Ta ce doka ba ta bari ba. Akwai wata mata a bayana da fom a hannu tana leƙen kafaɗata. Na miƙa nawa.

Maman Tsinke ta yi kuka da na gaya mata, sannan ta yi fushi, sannan ta shiga ta zauna kusa da Inna. Barin aikinta ba ya cikin magana, mu duka mun san abin da ke ɗora tukunya. Na kira ƙanwata, ta ce su bakwai ne a ɗaki ɗaya a bene hawa na uku, amma in na ce a kawo, a kawo. Inna tana ji daga ciki ta ce gara a kai ta tasha a ajiye. Ranar Asabar muka kai ta asibiti. Likita ya ce yanar ido ce, ana cirewa, amma sai sugan jikinta ya sauka, kuma akwai layi. Ya rubuta mana mu dawo bayan wata uku. Oga ya ce in kwashi ragowar katako yadda nake so, amma in sani safiya tasa ce, ga odar kujeru ɗari da ashirin tana jira.

Abin da na iya shi na yi. Ranar Lahadi na kafa katakon dafawa tun daga bakin gadon Inna, ya bi bango, ya fita ƙofa, ya bi ta gaban ɗakin Tela har matakalar banɗaki. Na goge shi da samfefa har ya yi santsi. Na yi ƙananan akwatuna biyu na magani, na safe da tsaga ɗaya a murfi, na hantsi da tsaga biyu. Tsinke ta bi ni da gwangwanin ƙusa tana gyara min, wai a nan Kaka take juyawa, ba can ba. Inna ta shafa katakon ta ce aiki ya yi kyau, saura in zuba mata dusa in rufe garke. Muka yi dariya dukanmu, har ta yi yawa.

Ranar Litinin na ajiye mata ruwa a kofi, da shayi a filas, da burodi a inda hannunta zai kai. Na kai Tsinke. Ajin ba shi da ƙananan kujeru. Dogayen bencuna ne na manyan yara, aka ɗora ta a kai ƙafafunta suna reto, tsakaninsu da ƙasa ya fi inci shida. Akwai kan ƙusa da ya fito kusa da cinyarta, na nemo dutse na buga shi ya koma. Ba ta yi kuka ba kamar sauran. Ta jawo rigata na sunkuya.

"Baba, in matar Tela ta bar bokiti, a ɗauke. Kuma Kaka ba ta son a ja ta, ita take dafawa."

A shago na yanke ƙafafun kujera huɗu ba daidai ba. Mai Fenti ya ɗaga ɗaya ya ce wannan ta yaron da ke zaune a gangare ce. Ƙarfe goma da kwata na ce ƙusa ta ƙare zan sayo. Oga ya dubi kwalin ƙusa da ke gabana a cike, ya dube ni.

Na tarar da Inna a inda na bar ta, a bakin gado, hannuwa a cinya. Ta ce lafiya lau, har ta je banɗaki ta dawo, katakon ya yi mata amfani ƙwarai. Na dubi katakon. Garin samfefar jiya yana kwance a kansa fari sol, daga gado har ƙofa, babu sawun yatsa ko ɗaya sai inda ta shafa jiya. Kofin yana cike. Filas ɗin ba a buɗe ba. Leɓenta ya bushe. Ta ƙi shan komai ne don kada ta buƙaci tashi.

Ban ce mata na gani ba. Na ce ni ma can za ni, ta zo mu je. Ta ɗora hannu a kafaɗata, ta yi mata tsawo, ta sauke zuwa gwiwar hannuna. Na fara ƙirga kamar yadda na ji ana yi. A tara muka iso matakala, ƙafarta ta daki ta farko, ta yi baya na tare ta.

"Takunka ya fi nata," ta ce. "Ba laifi."

Na zauna a matakala ina jira, a daidai inda Tsinke ke zama. Wayata ta yi ƙara a aljihu, Oga ne. Na bar ta ta gaji. Da muka koma ɗaki na ba ta na tsaga biyu, ta shanye kofin a tashi ɗaya ta nemi ƙari. Sha ɗaya da kwata ta yi. Komawa shago ba ta da amfani, na wuce makaranta.

Tsinke ta fito da takarda a hannu, an zana mata da'ira ta cika ta da ja, ba ta fita layi ba ko kaɗan. Malamar ta ce yarinyar tana da hankali, sai dai ta tambayi ƙarfe nawa sau shida. Na tambaye ta ko makaranta da daɗi. Ta ce da daɗi, an yi waƙa, gobe ma za ta zo. Sannan ta tambaya ko Kaka ta sha ja. Na ce ta sha.

Daga bakin layi ta zame daga hannuna ta ruga. Kafin in iso ta jefar da jakar a bakin ƙofa, takardar tana ƙasa. Na ji ta a ciki tana cewa ta dawo, Kaka ta tashi su je, na ji Inna tana dariya tana cewa ƙawata, ƙawata. Na ɗauki takardar na kaɗe ta. Wayar ta sake ƙara. Na tsaya a bakin labule, hannuna a kan katakon, ina tunanin abin da zan ce wa Oga ya ƙare gobe da ƙarfe goma.